Katantanwar da Ta Dace da Tsohuwa

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a jikin lambar mota da kwalin kayan gyara na koyi baƙi, ba a aji ba.

Direban bas ya kawo kwalinka. Na buɗe, na ga turbon da ka saya wa Tsohuwa, na mayar na rufe. Wannan katantanwar ƙarfe ai ta tirela ce, ba ta akori-kura mai shekara talatin da huɗu ba. Kai da ita sa'anni ne, in ka manta. A cikinta na ɗauko ku daga asibiti, kai da mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, kana tsala ihu har ka danne ƙarar salansa.

Bari in gaya maka abin da takardunka ba su gaya maka ba. Hayaƙin inji ne ke juya katantanwa, ita kuma ta ɗura masa iska. Babbar katantanwa sai ta sha hayaƙi ta ƙoshi kafin ta farka. Tsohuwa kuwa ba 'yar gudu ba ce, jan kaya take yi. A tudun gidan burodin ƙanwarka Auta, da buhun fulawa ashirin a baya, kafin taka ta gama miƙa da hamma mun koma da baya mun faɗa kwata. In kuma ta farka, da hauka za ta farka: gasket ya tafi, fistin ya bi shi. Sau uku ina sa wa injin nan rin ɗin fistin da hannuna. Na san inda yake tari.

Ƙarama nake so, wadda da an taɓa totur ta tashi. Maganar da ka yi wa Auta kuma, ta a sauke inji a sa sabo, ta iso ni. Kwana biyu ke nan ina zaga gareji, na kasa zama, na kasa aiki. Ba dai ina raye ba.

Kada ka kira ni a waya. Maganar waya iska ce. Ka rubuto.

Ka huta lafiya,
Mahaifinka

*

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da girmamawa. Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa gwiwa. Yara suna gaishe ka.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na sake lissafina, kuma ba zan yi musu ba: babbar ta yi wa injin yawa. Ga ƙarama nan na aiko.

Amma Baba, ka yi mini afuwa in faɗi tawa. Sau biyu a watan nan motar ta mutu wa Auta a tsakiyar tudun, da kaya, masu mota na yi mata hon ta baya. Ba tarihi take ɗauka ba, ƙanwata take ɗauka. Ka ɗaura ƙaramar, ku gwada da buhu ashirin. In ta hau, na yi shiru har abada. In ba ta hau ba, ranar ɗaya ga wata zan zo da sabon inji, kuma ina roƙon kada ka tare ƙofa.

Sau tara na kira ka. Laifin me na yi?

Ɗanka mai biyayya

*

Yaya,

Sannu da aiki, a gaida Anti da yara. Wannan tsakanina da kai ce, ka karanta ka yaga.

Baba ya ɗaura ƙaramar. Mun gwada, ba ta hau ba. A rabin tudu ta turnuƙe da baƙin hayaƙi ta tsaya, sai da na sa mata dutse. Tun ranar bai zauna ba. Ya ce famfon mai ne, ya kwance ya ɗaura. Ya ce nozul ne, ya kwance ya ɗaura. Abinci ma a tsaye yake ci, yana hararar bonet. Mai walda na maƙwabta ya ce masa, "Oga, ko dai a kai ta asibitin tsofaffi?" Ko juyowa bai yi ba. Na ɗauka fushi ne.

Ba fushi ba ne, Yaya. Duk lokacin da ya taka totur, motar tana wani fito, fiii, siriri mai shiga kunne, har mai shayi na tsallaken titi yana waiwayowa. Baba yana tsaye a kanta bai ko motsa ba. Ka san yadda yake ɗora tsinin dogon sukurdireba a kan inji ya sa kunne a ƙotar? Jiya na leƙa na ga ya ciji ƙotar da haƙora, ido a rufe. Na tsaya a bayansa na kira shi sau uku. Sai da inuwata ta faɗa kan injin ya juyo.

Ba ƙin wayarka yake yi ba. Ba ya jin ta.

Mene ne fiton nan? Kuma ta yaya zan faɗa wa mutumin da shekara hamsin ana kawo masa mota daga nesa don kunnensa?

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da girmamawa. Ina neman afuwa, kuskure na yi. Zoben da ke ɗaure tiyon iska, wanda na sa a kwalin, ina zargin marar kyau ne. In yana sakin iska, mota za ta yi baƙin hayaƙi ta rasa ƙarfi. Ga wani nan. A shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyon a taka totur, in ya yi kumfa, to shi ne. Laifina ne, ba na injin ba.

Ɗanka mai biyayya

*

Injiniya,

Bayan gaisuwa. Ka iya lissafi, amma ba ka iya ƙarya ba, nan ma gadon mahaifiyarka ka yi.

Zobenka lafiyarsa ƙalau, na jujjuya shi a hannu. Tiyona ne ya tsage ta ƙasa, tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Ruwan sabulu ya tona shi. Kwana shida ina kwance abin da ba shi da laifi, a kan tsagar da shekara biyu baya da na nuna ta da sifana tun daga bakin ƙofa. Kuma na san mutum ba ya jin fiton mota daga wani gari, sai in yana da 'yar rahoto a gidan burodi.

Tun bara abin ya fara. Siraran sauti ne suka fara tafiya, tsuntsaye, cokali a kofi, wayarka. Masu kauri ina jin su a haƙori. Na faɗa ke nan, kada a sake tambayata.

Mun loda buhu ashirin da biyu, biyun na ƙeta ne. Auta ce a sitiyari, ni ina gefe, tafin hannuna a kan ƙarfen giya. Katantanwar ta tashi tun daga gindin tudu, na ji ta har kafaɗa. A giya ta uku muka hau, babu hayaƙi, babu dutse. Na ce wa ƙanwarka kullum ta bar injin ya huce minti ɗaya kafin ta kashe, in ta manta ni da ita ne. Babbar taka kuma ta sami aiki, da ita nake tokare ƙofar gareji.

A saman tudun na tambayi Auta, "Yaya take kuka yanzu?" Ta dube ni ta buɗe baki sosai don in gani, ta ce, "Kamar da, Baba." Ita ma ƙarya take. Injin da aka sa wa katantanwa ba ya kuka kamar da.

Ranar ɗaya ga wata ka zo, hannu rabbana, ban da inji. Ka zauna inda na zauna, ka ji mini ita, ka rubuta mini a takarda yadda take. Kada ka rage komai.

Mahaifinka