Mayafina a Kan Zanen Lusiya

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, yaya jikin Baba, yaya su Balaraba da yara? Ni lafiya lau nake a nan unguwar Parkchester.

Inna, ki kwantar da hankalinki game da sallata a gidan aiki. Tsohuwar Kiristar da nake jinya tana da wani daɗaɗɗen zanen hoto da kakarta ta zo da shi daga Italiya, budurwa riƙe da faranti, idanu biyu a ciki. Saitin alƙibla yake rataye, shi ya sa in zan yi salla nake lulluɓe shi da mayafina.

Ranar Laraba ina cikin salla ɗanta ya tarar da shi a rufe, ya hau faɗa, wai sai an canja ni. Da na sallame na ce masa ba raini ba ne, amma ba zan yi sujada hoto na gabana ba, ko da zan rasa aikin.

Sai tsohuwar ta ɗaga masa hannu. Ta ce budurwar hoton waliyiya Lusiya ce, an ƙwaƙule mata idanu aka kashe ta don ta ƙi barin addininta. Ta ce masa, "Ita ce za ta hana wata mace salla?"

Yanzu da azahar ta yi, tsohuwar ce ke cewa, "Hauwa, tashi ki rufe Lusiya."

Ki sa mu a addu'a, ni da ita. Ki gaida Gwaggo da mutanen gida duka.

'Yarki,
Hauwa