Motar da Na Kwance wa Bodi

Kankiya, 9 ga Disamba, 1954

Zuwa ga yayana Dawuda, a Jos.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya tsare ku daga sanyin garin nan naku. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, sai ɗan ɗingishi, Sa'a kuma ta yaye Ummaru.

Karanshaf ɗin da ka aiko, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ya iso. Ka san motarmu ba ta taɓa haye yashin rafin hanyar Mawashi da cikakken lodi ba. Sai na yi dabarar da na koya a soja: na sa wannan mai dogon juyi, don fistin ya riƙa doguwar tafiya, inji ya sami ƙarfin ja. Amma sabon haɗi kamar ɗan bijimin huɗa yake, sai an hore shi, mil ɗari biyar ba kaya ba gudu. Sau uku na faɗa wa direbanmu Nata'ala ɗan Baffa, ya ce ya ji. Ran kasuwa ya fita gwaji, ya tarar da mutanen Tafashiya a hanya, har da surukinsa. Kai ma ka san ba a wuce na gaba da mota wayam. Ya ɗauki tsohon, tsohon ya yafito maƙwabta, nan da nan mutum talatin da buhunansu suka dare. Kafin su iso gari inji ya yi zafi yana ƙwanƙwasa. Wallahi ranar har hawaye na yi.

Baba ya ce haɗina ne bai yi ba, in motar ta sake lalacewa bana sai a sayar da ita, in ajiye sifana in koma gona. Allah Ya taimake ni ɓarnar ba ta taɓa karanshaf ba, na gyara. Ban yi wa Nata'ala faɗa ba, don ni ma ba zan iya wuce surukina ba. Sai na kwance bodin katakon na jingine a ƙofar gida, na bar kujerar direba kaɗai. Kwana goma sha biyu yana kai da komo tsakanin nan da Kusada, yana tsayawa ya gai da kowa, kowa ya leƙa ya ga ba wurin zama, ya sa masa albarka. Ba irin dariyar da ba a yi mana ba. Adda ta ce mun fige mota kamar kaza.

Jiya muka mai da bodi, muka je Mawashi da Baba, muka ɗora gyaɗa buhu sittin. Da muka iso rafi Baba ya sauka, wai gara ya tsallaka da ƙafa da a gan shi yana turi. Mota ta shiga yashi da giya ta ɗaya, ta haye ko tari ba ta yi ba. Nata'ala ya tsaya a tsallake muna jiran Baba. Tsoho ya iso yana ɗingishi, ya dafa gaban motar ya ji ba zafi. Da na buɗe masa ƙofa sai ya ja da baya ya ce, "Ku tahi abinku, lodi ya cika. Kada in ɓata ma Ma'aruf aikinshi." Sai da na rantse masa horo ya ƙare sannan ya hau.

Ka gai da Saudatu da Jamilatu da Lami. Adda da Baffa suna gaishe ka. In ka zo da Sallah, da kaina zan ɗauko ka daga tashar Kano, kuma wannan karon akwai wurin zama.

Ni ne ƙanenka,
Ma'aruf