Tumbin da Inna ke alfahari da shi

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Ya ƙafar Inna, ta daina kumburi? Ya matarka da yara? Ni ma alhamdu lillahi, aiki a ɗakin ajiyar kaya yana tafiya, sai dai kwanan nan kwali ɗaya ma gagara ta yake yi.

Ka ce Inna tana ta nuna wa maƙwabta hotona, wai autanta ya ajiye tumbi, wuri ya karɓe shi. Yaya, ba tumbi ba ne, ruwa ne. Ka sake duba hoton, ka kalli wuyana da hannuwana yadda suka tsotse. Wandon aikina ya daina rufuwa, alhali loma kaɗan nake yi in ture kwano.

Shekaranjiya likita ya soka min allura a ciki, ya zuƙo wani ruwa rawaya. Ya ce bai gano tushensa ba tukuna, amma yana zargin tarin fuka na hanji. Na ce ai ko tari ba na yi. Ya ce wannan ba ya zuwa da tari, kuma idan shi ne yana jin magani. Na ce, "Idan ba shi ba ne fa?" Sai ya ci gaba da rubutu.

Abokan ɗakina sun ware min kofina. Ban ga laifinsu ba.

Tsoro nake ji, Yaya. Ka sa ni a addu'a, ka bar maganar a cikinka. Inna kuwa, don Allah ka bar ta da hotonta.

Ƙaninka.