Ƙaramin Gida Ne Ke Juya Nama

Suwon, 22 ga Satumba, 2008

Zuwa ga Yayana Man-sik,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya gwiwar taka? Ina fata ka daina hawa tsani kana tsinkar tuffa da kanka.

Sau biyu na kira ka, sau biyu ka kife min waya tun ban kai ƙarshen magana ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Takarda ko za ka yaga, na san halinka, sai ka karanta tukuna.

An ga Dong-hwi. Ɗana nake nufi, wanda na haifa ba aure ina da shekara goma sha tara, wanda ka karɓa daga hannuna yana da kwana arba'in ka kai wa masu ba da yara riƙo a ƙasashen waje. Na san ka sani. Na rubuta ne don ka gani da idonka, tunda shekara talatin da huɗu ba wanda ya faɗa da baki a gidanmu.

A Danmak ya tashi, Aksel suke kiransa. Shi ya neme ni, ba ni na neme shi ba, kuma wannan kunyar tawa ce. Zai zo a watan gobe tare da ayarin masu yawon buɗe ido, kwana goma. Ranar Asabar, 18 ga wata, da rana, zan kai shi gidan gashin da nake aiki. Shekara ashirin ina yanka wa 'ya'yan mutane haƙarƙari da almakashi ina cewa su ci da zafinsa. Wannan karon nawa zan yanka wa, kuma duk wanda ya tambaye ni wane ne zan ce ɗana ne.

Akwai wurinka a teburin. Ba izini nake nema ba, gayyata ce.

Ka gaishe min da 'yarka Hye-ok amarya.

Ƙanwarka,
Sun-rye

*

Andong, 29 ga Satumba

Sun-rye,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarki ta iso. Gwiwa da sauƙi.

Kin san bikin Hye-ok saura wata biyu, kuma kin san gidan da za ta shiga. Mutane ne da ke bin asalin mutum har kaka na bakwai kafin su sha ruwan gidansa. Ɗan'uwan angon a Suwon yake aiki. Ki tsaya a gidan abinci cike da jama'a ki yi shela, kina tsammanin maganar ba za ta riga ni dawowa Andong ba?

Abin da aka yi a wancan lokaci an yi shi ne don a rufa miki asiri. Baba na kwance, Inna ba ta iya fita kasuwa saboda bakin mutane. Ni aka bar wa nauyin, na ɗauka.

Ga abin da na yanke. Zan zo. Mutumin ya taso daga nesa, ya cancanci a karrama shi kamar kowane baƙo. A ɗaki ki ce masa abin da kika ga dama. A gaban jama'a kuwa ɗan wata ƙawarki ce da ta rasu. Ke kin fi kowa sanin ƙa'idar tebur: baƙo ba ya taɓa awartakin juya nama, zama yake a gasa masa. Ƙaramin gida ne ke gashi. Ke ce ƙarama, ke za ki gasa, ya ci, mu sallame shi da mutunci.

Kada kuma ki sa masa ran zuwa Andong. Kabarin iyayenmu ba wurin ɗaukar hoto ba ne.

Ki kula da kanki, sanyi ya fara.

Yayanki,
Bae Man-sik

*

Suwon, 14 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata an gama kwasar tuffa lafiya.

Na gan shi. Na yi zaton zan faɗi, ban faɗi ba. Na kama hannunsa ne kawai na ƙi saki, har tafintar da aka haɗa mu da ita, Malama No, ta ce in bari ya zauna. Dogo ne, kuma kunnuwanka ne da shi, waɗannan da suka buɗe kamar hannun tukunya. Ka yi ta cewa ɗan ƙawata ne, kunnuwan za su ba ka amsa.

Jiya ya bar ayarinsu, muka zaga ganuwar gari mu uku. Shekara talatin ina wuce ta a bas ban taɓa hawa ba, sai da ɗana ya zo daga ƙarshen duniya ya ja ni. Komai sai ya ɗauki hoto: ƙofar gari, tulunan kimci, jiƙaƙƙen kabejinmu mai yaji, a saman rufin mutane, wata tsohuwa tana shanya barkono. Tsohuwar ta ce, "Kai, barkono ne ba ka taɓa gani ba?" Ya tsaya yana mata murmushi da fuska irin tamu, bai ji ko kalma ɗaya ba. A nan ne na juya baya na share ido.

Da muka zauna hutawa na ce wa Malama No ta tambaye shi ko yana son gasasshen haƙarƙari. Ya ce bai taɓa ci ba. A can akwai gidan abincin ƙasarmu a unguwarsu, amma in ya zo wucewa tsallaka titi yake.

"Me ya sa?" na ce.

Ya ce, "Ina tsoron in shiga a gane ban san yadda ake ci ba."

Ka ji, Yaya. Wannan ne kake so in zaunar a teburi in ce masa baƙo.

Na ga ka ce an rufa min asiri. Asirin wa? Ni dai aka sa a jirgin ƙasa nonona na zuba, aka kai masaƙa. Ban yi aure ba, ban sake haihuwa ba, duk bikin gida ina kicin ina wanke kwano don kada surukai su tambayi tarihina. Na biya nawa har da na wasu. Hye-ok kuwa na yi mata waya na faɗa mata komai da bakina. Sai ta ce, "Gwaggo, ashe ina da yaya?" Yarinyar ta fi ka ƙarfin zuciya.

Asabar, ƙarfe ɗaya. Ka zo ko kada ka zo, za a hura gawayi.

Ƙanwarka,
Sun-rye

*

Andong, 19 ga Oktoba

Sun-rye,

Na iso gida lafiya. Ban tsaya sallama ba don bas ba ta jira.

Kin yi abin da kika ce. Kin tsaya a tsakar gidan abinci kin buga cokali a kwano kin ce, "Jama'a, ga ɗana." Har mai wanke-wanke sai da ta leƙo. Shekarata sittin da huɗu, ba a taɓa juyowa aka kalle ni haka ba. Ki ji daɗinki.

Abu biyu nake so ki sani. Na ɗaya, da na shigo ya durƙusa ya kai goshi ƙasa sau biyu. Sau biyu na mamaci ne. Ko ba ki koya masa komai ba, ai kya koya masa wannan.

Na biyu, maganar awartaki. Na ga yadda kika kalle ni. Kada ki ɗora wa abin wata ma'ana. Kin zauna kina kuka, nama na ƙonewa, haƙarƙarin saniyar gida ba abin wasa ba ne. Wanda ke kusa na miƙa wa, shi ke nan.

Maganata ta farko tana nan. Ya gama yawonsa ya koma lafiya.

Bae Man-sik

*

Suwon, 22 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma na ji daɗi ka isa lafiya, duk da bas ɗin da ka ce ba ta jira sai ƙarfe biyar take tashi, kai kuma uku ka fita.

Tunda ƙwaƙwalwarka ta fara zaɓen abin da za ta riƙe, bari in tuna maka.

Gaskiya ne na yi kuka. Na naɗe masa nama a ganyen latas da daddawar wake da tafarnuwa, na kai bakinsa kamar yadda kowace uwa ke yi. Bai sani ba, sai ya sa hannu zai karɓa. Na ce a'a, buɗe baki. Ya buɗe, ya gatsa rabi, sauran ya zube masa a riga. Kunya ta kama shi har wuyansa ya yi ja, yana ta ba da haƙuri da yarensu. Abin da yaro ɗan shekara huɗu ya sani, ana sawa duka a baki lokaci ɗaya, ɗana bai sani ba, kuma ni ce ban koya masa ba. Shi ya sa na ajiye awartaki.

To, wa ke kusa da awartakin? Kai. A gefen farantinka na ajiye shi. Malama No ma ta fi Dong-hwi kusa. Ma'aikata shida ne a gidan, kowace na jiran ka ɗaga yatsa ta zo ta juya maka. Ka tsallake duk waɗannan, ka miƙa hannu ta saman wuta har gashin hannunka ya babbake, ka dangwara masa awartaki a tafi.

Kuma ba shiru ka yi ba. Da irin muryar da kake wa 'ya'yanka faɗa ka ce, "Kai, zaune za ka yi uwarka na maka gashi? Wane irin ƙaramin gida ne kai?"

Uwarka ka ce. Ƙaramin gida ka ce. Malama No ta dube ni, na ce ta fassara masa duka, kada ta rage ko wasali.

Daga nan ba ka bar shi ya huta ba. "Ba yanzu ba, bari ruwan ya taso. Yanzu. Sau ɗaya ake juyawa, ba wanki kake ba. Ja shi gefe. Wa ya ce ka yanka shi manya haka, doki za ka ba?" Shi kuma yana ta zufa yana dariya, don faɗa ba ya buƙatar tafinta. Shekara ashirin ina kallon teburori, Yaya. Na ga shugabannin kamfani, na ga surukai, na ga maƙiya sun zauna cin sulhu. Ban taɓa ganin wanda ya yi wa baƙo tsawa a kan juya nama ba.

Sai ya naɗe nasa na farko. Ya cusa nama biyu, tafarnuwa ɗanya har uku, ya yi ƙato kamar dunƙulen hannu. Na zaci ni zai ba. Ya tambayi Malama No wa ake fara ba, ta ce babba. Ya miƙo maka har baki da hannu biyu yana cewa "Kawu," kalmar da ya kwana biyu yana koya. Kana iya kau da kai. Ka buɗe baki ka karɓe duka, ka tauna, hawaye na zuba. Ka ce tafarnuwa ce. Na yarda tafarnuwa ce. Amma ita ce ta kore ka awa biyu kafin lokacin bas?

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ayarinsu sun tafi yau, shi ya ɗaga tafiyarsa da kwana goma. Na tambaye shi sauran ina yake son gani, ko tsibiri, ko fadar sarakuna. Ya ce ya ga gine-gine sun ishe shi, wurin da kakanninsa ke kwance yake so.

Ranar Talata za mu hau bas ɗin safe. Hanyar dutsen da kabarinsu yake ta ratsa ta gonarka, na sani, kuma makullin ƙofar na aljihunka. In ka kulle, ta rafi za mu zaga, nan na bi ina yarinya ina ɗebo itace, ƙafata ba ta manta ba. Inna uwata ce kamar yadda take uwarka. Ranar da za ta cika ni ke riƙe da hannunta, kuma sunan da ta kira ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Ban taɓa faɗa maka ba don na tausaya maka. Yanzu na gaji da tausayin.

In surukan Hye-ok sun tambaya, ka turo su wurina.

Ƙanwarka, uwar Dong-hwi,
Sun-rye

*

Andong, 24 ga Oktoba

Sun-rye,

Bayan gaisuwa.

Kada ku bi ta rafi, gadar ta karye tun bara. Ƙofar gona a buɗe take. Na sare ciyawar hanya jiya.

Sunan da Inna ta kira na ji shi. Ina tsaye a bayan ƙofa.

Ki koya masa kai goshi ƙasa tun a bas: a can sama sau biyu, a gabana sau ɗaya. Ban mutu ba tukuna.

Ki taho da haƙarƙari daga wurinku, na nan bai kai ba. Gawayi na saya. Hye-ok ta ce ita za ta gasa tunda ya girme ta, na ce ta zauna. Bai iya ba har yanzu, kuma kwana huɗu kawai gare ni in koya masa.

Yayanki,
Man-sik