Uwar Tsohon Mijina Ta Ƙi In Cire Gidanta Daga Lamuni

Anti Benvinda, don Allah ki ba ni shawara, domin abin da na ɗauka albishir ne shi ya hana ni sukuni tun makon jiya.

Ina da ɗan ofis a nan Fall River. Aikinmu karɓar biyan bashin karatu a madadin makarantun koyon sana'a, na masu walda da masu aski da masu jinyar tsofaffi. Ɗalibi ya gama ya fara biya wata-wata, mu ne muke karɓa mu miƙa wa makaranta. Da jiha ta kawo dokar cewa ba mai wannan aiki sai da lasisi, kuma ba lasisi sai da takardar lamuni daga kamfanin inshora, ban ji haushi ba, don na san ta'asar da wasu ke yi wa yaran nan. Ma'anar takardar, in na cuci ɗalibi ko na ɓatar masa da kuɗi, kamfanin zai biya shi, sannan ya juyo kaina ya karɓi abinsa.

To, a lokacin aurena bai daɗe da mutuwa ba, kuma tsohon mijina Duarte ya bar sunana a ɓace wurin bankuna. Duk kamfanin da na je sai ya ce in kawo wanda zai tsaya mini da dukiyarsa. 'Yan'uwana kowa ya tuno da uzurinsa. Har na fara tunanin bakin da zan sallami ma'aikatana da shi.

Kin san wadda ta tsaya mini? Uwar Duarte ɗin, Dona Odília, matar da ta ƙarar da idonta a kan keke a kamfanin ɗinki har ta mallaki gida mai hawa uku. Wata Lahadi bayan coci na kai mata jikarta, 'yata Inês, ta kalli fuskata, ta tsare ni a kicin sai da na faɗa mata damuwata, nan take ta ce ita za ta tsaya mini. Na yi mata bayani dalla-dalla cewa in abu ya lalace gidan nan za a taɓa. Ta ce, “Ɗana ne ya rabu da ke, ni ban rabu da ke ba. Miƙo biron, ki daina mini wa'azi, miyata na ƙonewa.” Har gobe in na tuna sai idona ya cika.

Duk Nuwamba, lokacin sabunta lasisi, kamfanin na so ta sake sa hannu ta tabbatar gidan na hannunta. Sai ranar ta zame mana kamar biki. Ta dafa miyar ganye da dankali, ta gasa burodi mai zaƙi, ta sa tabaran zuwa coci, ta bi kowane layi da yatsa duk da Turancin na ba ta wuya, da yake ba harshenta ba ne. Sai ta ɗago ta ce, “'Yar nan, har yanzu ba ki cinye kuɗin 'ya'yan mutane ba?” In ce, “Tukuna dai, Mama.” Sannan ta sa hannu. Masu haya a gidanta ma sun san ita ce ginshiƙin ofishina, don ba wanda ba ta faɗa wa ba.

Makon jiya dillalin inshorar ya kira ni ya ce sunana ya wanke, yanzu zan iya tsayawa da ƙafata, a cire ta. Na sayi furanni na ruga gidanta ina murna. Ta ajiye furannin a wurin wanke-wanke, ta ce, “To madalla. An gama da ni ke nan.” Ko zama ba ta ce in yi ba. Tun ranar in na kira sai ta ce tana da aiki.

Duarte kuwa ya samu labari, kullum yana aiko saƙo in fitar da gidan uwarsa daga harkata. Na san gado yake hange, amma abin haushi, gaskiya ya faɗa. Ga Inês za ta tafi jami'a wata jiha badi, kaina ya yi zafi. Matar nan ta rufa mini asiri ranar da kowa ya juya baya. In bar sunanta a takardar don ranta ya yi daɗi, ko in cire ta ta ɗauka na yar da ita? Dillalin na jiran amsata.

Mai godiya wadda ta rasa yadda za ta gode

*

'Yar'uwa, kin yi sa'ar suruka, ita ma ta yi sa'arki. Amma ki cire sunanta, kuma bana.

Na yarda ke mai gaskiya ce, sai dai gaskiyarki ba ta tsare gidanta. Ma'aikaci na iya kuskure, ɓarayin kwamfuta na iya shigo muku, ke kanki kina iya kwanciya ciwo. Ranar da kamfanin ya biya wani ɗalibi, ba zai tambayi wa ke dafa wa wa miya ba. A da kin bar ta a ciki ne don ba yadda za ki yi, yanzu kuwa akwai. Ki nemi dillalin ya ba ki shaidar cire ta a rubuce, ki tambaye shi ko ta shafi shekarun baya ko na gaba kawai, lauya kuma ya duba. Duarte ki amsa masa da layi ɗaya bayan an gama.

Sai dai ita ma tana da gaskiyarta. Kin ambaci tafiyar Inês kamar abin wucewa, alhali nan ciwon yake. Tsohuwar nan ta duba ta ga abu biyu ne ke kawo ki ƙofarta, jika da takarda. Jika za ta tafi, sai ga ki da furanni, irin waɗanda ake ba ma'aikaciya ranar sallama, kina murnar takarda ma ta ƙare. Wa zai ga laifinta?

Waya ba za ta gyara wannan ba. Ranar da kuka saba a Nuwamba ki je da yunwarki, ki riƙe sabon lasisin, ki ajiye mata a tebur ta bi shi da yatsa, ta yi miki tambayarta ta kullum. Ki kuma tsayar da zuwa wurinta duk Lahadi tun yanzu, wani lokaci ki je ba tare da Inês ba, don ta gani da idonta cewa ba sai da dalili kike zuwa ba. In ta sake cewa an gama da ita, kada ki yi dogon bayani, kin san ba ta son wa'azi. Ki mayar mata da maganarta: “Takarda ce ta rabu da ke, Mama, ni ban rabu da ke ba.” Sannan ki miƙa kwanonki.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya bar ku tare, ya sa albarka a ofishinki.

Anti Benvinda