Kwaɗon da Ka Sa a Ƙofar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya ƙara buɗi a wurin aiki, ya raya mana yara. Mu nan alhamdulillahi. Idon Gwaggo ya yi sauƙi tun da aka wanke mata shi, matar Auta ta sauka lafiya an samu mace, shagona kuma yana nan yana lallaɓawa. To, na sauke nauyin gaisuwa. Yanzu ka gyara zama, don da gangan na zaɓi takarda. A waya ka iya katse mutum ka ce layi ne ba kyau.

Maganar Baba ce, da abokan tattakinsa da ka kora. Wallahi Yaya raina a ɓace yake da kai, ba zan ɓoye maka ba. Shekara goma sha ɗaya mutanen nan suna fita tare kowace safiya, tun bayan rasuwar Inna, lokacin da Baba ya daina ko leƙa waje. Direba ne ya fara janyo shi, tsohon direban bas ɗin nan mai gashin baki, sai Mai Agogo da Tela suka shigo. Daga ƙofarmu su bi ta bayan makaranta, su zagaya filin ƙwallo, su dawo ta wurin mai faci suna musu a kan wa ya fi wa tsufa. Kai da ka zo hutu sau biyu a shekarun nan, barci kake yi lokacin da suke fita, ko fuskokinsu ba ka riƙe ba. Amma ka iya ɗaga waya daga inda kake ka wanke Direba tas, mutumin da a haife ya haifi irinka. Ka ce masa su ne suka ja tsoho yawon banza har ya faɗi, kada wanda ya sake taɓa ƙofar gidan ubanka. Sannan ka sa Auta ya garƙame ƙofa da kwaɗo har ƙarfe takwas na safe. Haba Yaya! Gidan yari muka buɗe?

Injin tafiyar da ka aiko ya iso, an gode. Mutum huɗu suka shigo da shi, sai da aka cire ƙyauren falo. Baba ya tsaya ya dube shi, ya tambaye ni ina ake zuwa a kansa. Na ce ba a zuwa ko'ina. Ya ce to wa ake gaisawa da shi a hanya. Tun ranar bai ƙara kallonsa ba, ni kuwa na samu wurin shanya tawul. Likita da bakinsa ya ce ƙafar hagun nan da ta yi rauni tun faɗuwar tafiya take so, in ta zauna ta tafi ke nan. Yau kwana goma sha tara Baba bai taka ƙofar gida ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, abinci sai na tsaya a kansa kamar mai gadi. Da yana zuwa banɗaki da sanda kawai, yanzu sai ya dafa bango.

Akwai abin da ba ka sani ba, kuma laifina ne da ba ka sani ba. Tsofaffin nan suna da ƙa'ida ɗaya da ba su taɓa karyawa ba. In sun zo ƙofar ɗayansu, Direba zai buga ta da gindin sanda sau uku, kuma ba sa gusawa sai sun ji muryar mai gidan da kunnensu. Ko ba zai fita ba, ko zazzaɓi yake yi, dole ya ɗaga murya ya ce yana nan. Saƙon 'ya ko na mata ba ya shiga. Na sha yi musu tsiya a kan haka, ina cewa sun maida kansu masu kiran suna a aji. To ka saurara da kyau: Baba ba a hanya ya faɗi ba. A banɗaki ya faɗi, a cikin gida. Ranar na yi sammakon zuwa sarin kaya, na fita da gaggawa ban ko leƙa ɗakinsa ba, na ja ƙofa na tafi, ba kowa a gidan sai shi. Suka zo suka buga, shiru. Suka sake bugawa, shiru. Wani da yake wucewa ya ce su tafi mana, wataƙila barci ne. Direba ya ce ba su ji murya ba. Tela ya aro tsani, mutum mai shekara saba'in da ciwon baya, ya haura katanga. Suka tarar da Baba kwance a kan tayil, jini a goshinsa, bakinsa ya ƙi magana. Ni sai azahar zan dawo. Likita ya ce da an ƙara awa biyu, da wani zancen ake yi.

Da ka kira kana faɗa kana cewa ai ka san yawon nan ne zai kashe shi, kunya ta rufe ni, na bar ka a kan haka. Na ɗauki laifin wannan, kuma ina neman gafarar Allah. Amma kai ma ko tambaya ɗaya ba ka yi ba. Ka yanke hukunci kawai, don ka saba in ka yi magana a gidan nan kowa ya ce to. Direba kuwa ya tsaya ya ji zaginka har ƙarshe, bai ce maka uffan a kan inda aka tsinci Baba ba, don kada ya tona ni. Da na same shi a gida ina kuka, cewa ya yi in share hawayena, ai tsoro ne ya sa ka, ɗan da yake nesa da ubansa komai zai iya faɗa. Ka ji wanda ka zaga.

Kwaɗonka na cire shi tun shekaranjiya, yana cikin kwandon shara, in ka ga dama ka yi fushi. Sai dai cire shi bai yi maganin komai ba. Direba ya ce babban ɗa ne ya hana shi taɓa ƙofar, kuma ba zai taɓa ta ba sai babban ɗa ya janye da bakinsa. Baba kuma ya ce ba zai fita ya haɗa ido da mutanen da aka ci wa mutunci saboda shi ba. Ka san taurin kansa, a wurinsa ka gado. Amma kada ka zaci sun daina zuwa. Kowace safiya sai su ukun sun zo sun tsaya a tsallaken titi, jikin turken lantarki, ba bugu ba sallama. Su yi kamar minti biyar, sannan su wuce. Baba ya san ƙarar takalmansu. Yana zaune a bakin gado, sai in ji ya ce yana nan, a hankali, ba wanda ya buga, ba kuma wanda zai ji shi sai ni. Kwana goma sha bakwai yana faɗa. Jiya bai faɗa ba. Yau ma bai faɗa ba, ya dai juya fuska bango.

Na rubuta lambar Direba a bayan takardar nan da manyan baƙaƙe. Kada ka turo saƙo, kada ka aiko Auta, kada ka sayo wani abu. Ka kira shi ka ba shi haƙuri, ka ce ya buga ƙofa. Mutanen nan ba sa karɓar saƙo, sai sun ji murya.

Ka gaida matarka da kyau, ka shafa mini kan 'yan biyu. Gwaggo tana gaishe ka, Auta da mai jego ma haka. Baba bai ba ni saƙon gaisuwa ba, ni kuma ba zan ƙirƙira maka ba.

Wassalam,
Ƙanwarka.