Sunana a Bakin Inna

Daren Laraba, Sanaiya, Doha, cikin kullen korona.

Ni na koya wa kaina walda, na kawo kaina ƙasar nan, na gina gida a Funtuwa. Ba wanda ya kama min.

Yau Dakta, likitan sansaninmu, ya ba ni labarin wani marubucin Finland da ya ƙare rayuwarsa yana mayar da tarihin ƙauyensu labari, har maƙeran da suka mutu tuntuni ya ambata da sunayensu. Abin ya tsaya min.

Na kira Inna. Ni ne ɗan fari, saboda alkunya ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Kai, kana cin abinci kuwa?" Tari take yi, jirgin zuwa gida kuma babu.

Ko sau ɗaya in ji shi a bakinta.

Duk mai rubuta tarihin Funtuwa ya sa: Habu mai walda, ɗan Inna.